Inda Ya Yi Hamma, Ka Ja Layi

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara tsare mini ku. Ni dai alhamdulillahi, gwiwar ta yi sauƙi. Gwaggonka ta leƙo ranar Talata, ko mayafi ba ta ajiye ba ta tafi. Gidan ne kawai ya yi mini girma tun da kuka tashi.

Ka san aikina na mayar da tsofaffin wasannin kwaikwayon Turanci labarai masu hotuna don yara. Abin da ba ka sani ba shi ne, littattafai huɗun nan da aka yaba ba ni kaɗai na yi su ba. Ɗanka, maigidana na kaina, shi ne alƙalina. Nakan zaunar da shi a tabarma gefen teburina in karanta masa, duk inda ya yi hamma in soke wurin in zana hoto a madadinsa. Da hammarsa jawabin wani sarki mai shafi uku ya koma layi biyu.

Na biyar ɗin ni kaɗai na yi, edita kuwa ya dawo mini da shi. Ya ce zanen ba laifi, amma sarakunan sun cika surutu, yaro zai yi barci kafin a zare takobi. Ya ba ni wata guda, in ban gyara ba ya miƙa wa wani. Na ji haushi, amma gaskiya ɗaci gare ta. Na gwada karanta wa kujera, kujera kuwa ba ta hamma. A nan na gane ni ce na ƙyale sarakunan suna ta zuba, don dai in ji murya a gidan.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa na haɗo maka shafukan da jan fensir. Ka karanta wa maigidana a hankali, ban da saurin nan naka. Inda ya yi hamma ka ja layi, kada ka tausaya mini.

Ka gaida surukata da 'yar auta. In maigidana ya tambayi wane ne yaron nan mai fatan-fatan kunnuwa da ke leƙe a bayan sarki a kowane shafi, ka ce ya duba madubi.

Mai kewarku kullum,
Mahaifiyarka