Sojan da Doki Ya Bari a Kan Gada

Baban Gimbiya,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya abokanka a can bakin daga? Mu nan lafiya lau. Inna tana gaishe ka, ƙafarta ta yi sauƙi har tana hawa bene ba ta tsaya hutu. Haƙorin Gimbiya na gaba ya fita, ta ce kada a gaya maka sai ka dawo, ga shi na tona mata asiri.

An kawo sabon fim gidan siniman da nake aiki, labarin wani farin doki a lokacin yaƙi. Ka san aikina, in haska tocila in nuna wa mutane kujerunsu, sannan in tsaya bakin ƙofa har a tashi. Ko ina so ko ba na so, kullum sai na kalle shi.

Dokin ya iya wasa, ya ma fi jarumin. Amma fim ɗin ya ɓata mini rai. Yaƙinsu tsaf-tsaf kamar an wanke an goge. Bam zai tashi, kiɗa mai daɗi ya biyo baya, ko taɓo bai taɓa gashin dokin ba. Akwai inda suke ƙetare gada, aka harbi sojan da ke kansa ya faɗo. Sai kyamara ta bi dokin ta bar mutumin, har aka gama ba a sake ambatonsa ba. 'Yan kallo kuwa sai sharar hawaye suke don dokin yana ɗingishi.

Daga inda nake tsayawa ina ganin gefen allo sosai. Hannun sojan nan yana motsi, Baban Gimbiya. Da ransa aka tafi aka bar shi. Na nuna wa mai sayar da tikiti, ta ce ƙaiƙayi ne ya dami ɗan wasan. Na yi dariya, amma kai na tuna.

Ka rubuto ko da layi ɗaya ne. Allah ya tsare mana kai.

Matarka,
Maman Gimbiya

Baban Gimbiya,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan wannan ta same ka da ƙoshin lafiya. Shiru har yanzu, wayarka ma ba ta shiga. Rediyo ya ce an gwabza a ɓangarenku, bai faɗi komai bayan haka ba. Inna ta daina tambayata, sai dai ta kalli hannuna idan na shigo.

Na roƙi manaja ya mayar da ni ɓangaren shara, ya ƙi, wai zauren yana cika. Shekaranjiya da aka zo wurin gadar nan, ban san lokacin da na ce a koma a ɗauko shi ba, da ƙarfi. Wasu suka yi dariya, wata mata ta ce in yi musu shiru.

Jiya da rana sojoji biyu suka shigo cikin kaki suka nufo ni. Na ɗauka mugun labarinka suka kawo mini, tocilar ta faɗi ta gangara ƙarƙashin kujeru. Ashe wurin zama kawai suke nema. Na lura ba su kai ƙarshe ba, ana fara harbe-harbe suka tashi suka fita.

Tsoro nake ji, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai kai.

Taka,
Maman Gimbiya

Baban Gimbiya,

Sannu da jiki. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne.

Abokinka Dogo ya same ni a wurin aiki ɗazu, hannunsa rataye a wuya. Ya ce kana asibitin sojoji, kana numfashi, kana magana. Sai da na sa ya maimaita. Da na tambayi inda ka ji rauni, sai ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Daga baya ya ce, "Ya ce in gaya miki kada ki zo."

Ina rubuta wannan a kan teburin tikiti, yana jira ya tafi maka da ita, ka yi haƙuri da rubutun. Ban san abin da zan tarar ba, kuma ba zan yi maka ƙaryar cewa ba na tsoronsa ba. Na kira Inna a waya na gaya mata kana da rai, ta ce ga ta zaune a matakala tana ta hamdala. Gimbiya za ta zauna wurinta.

Dogo ya ce ranar Asabar ake barin iyali su shiga. Ban taɓa ƙetare maganarka ba, amma wannan karon ka yafe mini. Motar farko zan hau. Idan ba ka son in ga wurin, ka ja bargo ka rufe, fuskarka kawai za ka bar mini.

Matarka,
Maman Gimbiya