Kayan Kaboyin da Na Ɗinka Maka

Zuwa ga Yayana Lawali, a duk inda kake.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ka da rai da lafiya. Ni ce ƙanwarka Tsahara. Baba da Inna suna nan. An kusa gama awon gyaɗa, kamiyon ƙarshe zai tashi ranar kasuwar Kanambakashe, direbansa zan ba takardar nan. Ban liƙe ta ba. Tun da ba mu san inda aka kai ka ba, na roƙe shi ya riƙa miƙa wa duk mai karatu ya karanta da ƙarfi, ko Allah zai sa wanda ya gan ka ya ji.

Yau wata uku da kama ka, kuma akwai abin da ba ka sani ba.

Ka tuna da ka dawo daga dakon buhuna a Maraɗi, ka shiga sinima sau biyu, kana tafiya ƙafafu a buɗe kamar wanda ya yini bisa raƙumi. Ka zana mini kaboyi da tsinke a ƙasa, hula mai faɗi, wando mai geza, bindiga a ƙugu. Ka ce, "Tsahara, bakinki ne kawai ya mutu, hannunki ya fi na tela." Na rufe fuska, amma na ji daɗi.

Tsohuwar malfar Baba ka sato. Na jiƙa ta a kwatarniya, na naɗe gefenta biyu sama na ɗaure da igiyar rama, na lotsa tsakiyar da kan taɓarya. Kwana biyu tana bisa rumbu ta bushe a haka. Wandon kuwa buhuna biyu ne da suka yage a wurin awo. Na wanke su da toka, na yanka daidai wandonka na Sallah, na bar rara a gefe, na dinga zare zaren ɗaya bayan ɗaya har geza ta sauka. Da ka gwada sai buhun ya hau cizonka, kana tsalle kana cewa kaboyi ba ya susa a gaban mata. Na yi masa shafi da tsohon zanen Inna.

Bindigar kai ka sassaƙa da icen aduwa, ta fito kamar muciya. Da a haka muka bar ta, Yaya. Ni ce na ce a sa mata bututun tsohon famfon keke. Ni na jiƙa bagaruwa da kashin maƙera yadda dukawa ke yi, na rina ta baƙa, na goge da man gyaɗa har tana ƙyalli. Harsashi ma ba ka nema ba. Na yanyanka karan gero, na naɗe kowane da takardar taba mai walƙiya, na jera su a ɗamara. So nake ka ƙara yabona.

A lokacin mai shela ya riga ya zaga garuruwa cewa duk baƙon da aka gani da bindiga a buga ganga a kama shi. Mun ji. Ba mu ɗauka da mu ake ba.

Abokinka Sha'aibu ne ya ba mu labarin sauran. Ya ce kuna kan hanyar zuwa wasan samari wajen Tasawa, jakinsu ya tsaya gardama, kai kuma ka ƙosa a gan ka, ka yi gaba kai kaɗai, ka rufe hanci da jan kallabina. A wani ƙauye da ba wanda ya san ka, ka iske mata a rijiya, ka zaro bindiga ka nemi ruwa yadda ake yi a sinima. Kafin su Sha'aibu su iso an ɗaure ka, bakinka na jini, kana ta cewa, "Ice ne fa, jama'a, ku taɓa ku ji!" Ba wanda ya yarda ya taɓa.

Bayan kwana biyar masu kaki biyu suka zo gidanmu bisa dawaki, ɗaya riƙe da wandon. Suka ce ka faɗa musu ƙanwarka ce ta ɗinka, wasa ne, amma su ba su yarda ba, ɗinkin ya cika kyau, sai dai in wasu ne suka ba ka daga waje. Baba ya kira ni sau uku kafin na fito daga bayan rumbu. Dogon cikinsu ya ɗaga wandon a fuskata, ya daka mini tambaya da Faransanci kamar mushe, malaminmu na makarantar lakwal. Na gane abin da ya ce sarai. Na ga bulalarsa, na ga maƙwabta sun cika ƙofar gida suna kallona. Yaya, na girgiza kai.

Baba bai san kome ba, don mun ɓoye masa saboda malfarsa. Ya ce, "Kun gani, wannan ko gaisuwa ba ta iya ba, balle ɗinki." Suka hau dawakinsu. Kai ka faɗi gaskiya, ni na mai da kai maƙaryaci.

Inna ba ta kuka a gaban mutane, kai ɗan fari ne, ko sunanka ba ta iya kamawa. Sai dai in tana raba tuwo ta tsaya da mara a hannu ta ce, "Ko mutumin ya samu abin ci yau." Ba ta kallon kowa in ta faɗa.

Sai da na yi wata guda kafin na faɗa wa Baba, muna tsinkar gyaɗa a gona. Bai buge ni ba. Washegari muka kama hanyar bariki a ƙasa, na ƙunshe guntun buhu da basilla da kara. Na zauna a barandar ofis na zare geza, na naɗe harsashi uku a gaban akawu, na ce ni ce, da muryar da har masu jira suka ji. Akawun ya juya harsashin yana dariya, sannan ya daina. Ya ce, "Yarinya, da tun ranar da aka je gidanku kika yi wannan, da a gida ya kwana." Ya ce tuni an kwashe ku a kamiyo, kai da wasu, shi ma bai san inda aka nufa ba. Harsashin ya zuba a aljihu, wai zai kai wa ƴaƴansa su yi wasa.

Da muke dawowa Baba yana gaba ina baya, yini guda bai waiwayo ba.

Yaya, in takardar nan ta shiga hannunka, ka nuna wa masu tsaronka. Su juya wandon su ga zanen Inna mai ɗigon shuɗi. Su karya harsashi ɗaya. In kuma suna son mai faɗa a gaban mutane, su aiko, ko ina ne zan zo, ba zan sunkuyar da kai ba.

Ban san ko an gaya maka abin da na yi ran nan ba. Na fi son ka ji daga gare ni. In ka ga za ka iya yafe mini, ka yafe. In ba za ka iya ba, ka dai dawo, ka yi fushin a gida inda Inna za ta gan ka.

Allah Ya sassauta zuciyar wanda kake hannunsa. Allah Ya ba ka ruwa da inuwa a inda kake, Ya dawo mana da kai da ƙafarka. Amin.

Ni ce wadda ta ɗinka,
ƙanwarka Tsahara.