Baturan Da Na Mayar Fatakwal

Anka, Jihar Zamfara.

Zuwa ga Yayana Makau,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ƙane ke yi wa wansa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Surayya da yara. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har gidan suna take zuwa da kanta. Gero ya yi kyau bana, dawa ce ruwa ya ɗauke wa da wuri. Autar 'ya'yana Hidaya ta fara tafiya, kuma duk abin da ta tsinta a ƙasa baki take kai shi.

Yaya, na kira ka ba ka ɗauka ba, na san kuma labari ya riga ni isowa. Shi ya sa na rubuta, na ba Saifullahi direba ya haɗa da baturan solar da ka aiko mana, don a motarsa za su dawo maka. Ka san ni, sai na zauna na rubuta abu nake gane abin da nake nufi. Na yaga takarda kafin wannan, don ta farkon ban haƙuri ya yi mata yawa, har ta zama kamar na yi nadama. Ban yi ba.

Ga yadda aka yi. Kayan sun iso lafiya. Faruku mai haɗa sola ya hau rufin sabon gida ya jera farantan solar suna kallon kudu, ya ɗaura inbata, na'urar da ke juya wutar solar ta zama ta gida, a bango, unguwa ta taru tana kallo. Inna ta yi ta sa maka albarka. Da aka zo kan batura sai ya buɗe murfin ɗaya ya duba ruwansa, yana yi mini bayani cewa irin waɗannan dalma ce a cikinsu, shi ya sa suke da nauyi. Matata Zinatu tana bakin ƙofa da kwanon fura ta kawo wa ma'aikata. Ta ajiye kwanon, ta goya Hidaya, ta tafi gidan mahaifinta. Ba ta yi faɗa ba. Saƙo kawai ta aiko cewa na san dokar gidanmu.

Kai ba ka nan shekarar da gubar dalma ta shiga ƙauyenmu Dareta, waya kawai aka yi maka. A turmin daka gero ake daka dutsen zinariya, a tsakar gida ake shanya shi, yara na rarrafe a kai. Usama, ɗanmu na fari, bai kai ga yaye ba. A hannuna ya yi ta jijjiga a hanyar asibiti, ni kuma na dawo da shi a naɗe cikin zanen uwarsa. Bayan an kankare ƙasar gidajenmu an zuba sabuwa, ni da Zinatu muka yi alkawari: dalma ba za ta sake wuce mana zaure ba. Har yau wanda ya fito daga wurin haƙa, ko ɗan'uwa ne, a waje yake cire takalmi ya wanke hannu da ƙafa. An yi mana dariya a kan haka, mun saba.

Ba zan ɓoye maka ba, na yi ta kai-kawo. Faruku ya ce batir a rufe yake, in an kula da shi ba ya cutar da kowa, gidaje birjik suna amfani da shi. Wataƙila gaskiyarsa ne, ni karatuna a sakandare ya tsaya. Har na fara auna gefen zaure don in gina musu ɗan ɗaki. Sai ga Kawu Labbo daga Gummi ya zo ganin gida. Ya yi mini tatas, ya ce tun da yake bai taɓa jin ƙanen da ya mayar wa wansa kyauta ba, wai boko rabi ya fi jahilci wahalar sha'ani, wai nan gaba sai na hana iska shiga gidana sai ta yi alwala. Kowa ya yi dariya, har da ni. Da ya huce sai ya ja ni gefe, ya ce in baturan sun mutu kada in sayar wa 'yan gwangwan, shi ya riga kowa. Zai fasa su ya narka dalmar a tsohuwar tukunya, ya yi wa birginsa na kamun kifi nauyi, kamar yadda masunta suka saba. Ya ce ma ba sai an sha wahalar kai su Gummi ba, a nan ƙofar gida za a yi aikin.

A nan kai-kawona ya ƙare. Batirin a rufe yake kamar yadda Faruku ya ce, amma wata rana zai mutu, kuma na san danginmu. In na hana Kawu, wani zai zo lokacin da ba na nan, Inna kuma ba ta iya cewa ƙanenta a'a. Ƙofar gidan nan ita ce inda Hidaya ke wasa da ƙasa.

Farantan da inbatar na riƙe, na gode, Allah ya saka maka da alheri. Faruku ya haɗa su yadda suke aiki da rana ba tare da batir ba. Famfon rijiya na jan ruwa, fanka na juya wa Inna da azahar, maƙwabta na kawo wayoyinsu caji. Rana na faɗuwa komai ya tsaya, mu kunna fitila kamar da. Akwai wani irin batir da ba dalma a cikinsa, litiyam suke ce masa. Shi zan nema da kaina ko zai ɗauke ni shekaru, don haka kada ka ce za ka canza mini. Waɗannan kuwa, can Fatakwal inda kake akwai masu karɓar tsoho su ba da sabo, ba sai an fasa a ƙofar kowa ba.

Inna ba ta goyi bayana a gaban Kawu ba, ba ta kuma tsawata mini ba. Amma ranar da aka fitar da baturan, ita ta yafa mayafi ta je ta dawo da Zinatu.

In fushi za ka yi, ka yi da ni, kada ka haɗa da Zinatu. Zan jure, amma ba zan sauya ba. Ɗakin da na gina maka na nan kusa da na Inna, an yi masa daɓe. Ka zo da Babbar Sallah. Za ka kwana cikin zafi ba fanka, wannan na sani. Da safe kuma za ka ga Hidaya ta yar da ƙosai a tsakar gida ta ɗauka ta ci, ba wanda ya zabura.

Ka gaishe mini da Yaya Surayya da Saminu da Laraba. Inna da Goggo Dija suna gaishe ka. Zinatu ta ce a gaya maka ta gode da ruwan famfo.

Ƙanenka da bai daina girmama ka ba,
Namadi.