Taraktarmu Ta Kwana a Gida

Zuwa ga Shugaban ƙungiyarmu ta manoman hanyar Konduga,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ya iyali, ya kuma haƙuri da halin da garinmu ke ciki? Ni ne Modu na Ajilari, direban taraktar ƙungiya. A bainar jama'a aka ɓata ni, shi ya sa na rubuto a fili.

Na ɗaya. Da za mu sayi tarakta, ka kawo hotunan wata daga wani kamfani a Legas, ka ce ta fi araha, in ta samu matsala waya kawai za a buga. Ni na ce a saya wurin Alhaji Bukar, dilan taraktocin nan na Mafoni, ko da ta fi tsada, domin shagonsa da ƙafa ake zuwa. Dattawa suka bi bayana. Sai ka miƙe ka ce ai kamasho aka ba ni. Wallahi maganar nan ta ci min rai. Har matata sai da aka yi wa gori a gidan suna.

Na biyu. Ranar Talatar da ta wuce ina huɗa a gonar da ke bayan shingen sojoji na ƙarshe, da hantsi fambel ɗin injin ya tsinke. Ka san doka: la'asar na yi ake rufe hanya, wanda ya rage a daji shi da Allahnsa. Sabis kuwa an ɗauke, waya ta zama tocila. In na tafi na bar tarakta aka ƙone ta, a ce Modu ya zaɓo ruɓaɓɓiya don cikinsa. In na kwana wurinta, ba sai na faɗa maka sauran ba. Na zauna a kan garma ina duban hanya.

Na uku. Wani mai motar itace na ba saƙo da baki ya kai wa Alhaji Bukar. Bayan azahar kaɗan sai ga akori-kurar Alhaji Bukar, shi da kansa, da bakanikensa, da fambel biyu. Sojojin shinge sun san fuskarsa, ba su tsare shi ba. Dattijo mai furfura ya tuɓe babbar riga ya riƙe sifana! Aka ɗaura sabon fambel, muka ƙetare shinge da tarakta ana kiran la'asar. Ban san lokacin da hawaye suka zubo min ba, alhamdulillahi. To ranka ya daɗe, mutanen Legas fa, ta wace wayar zan kira su?

Roƙona biyu ne. Ka wanke sunana a taro, a gaban mutanen da suka ji zargin. Sannan na ji kana shirin sayo tarakta ta biyu daga nesa. Kuɗin ƙungiya ne, ba ni da ikon hanawa. Amma in haka ta tabbata, ku nemi wani direban. 'Ya'yana mata huɗu ne, babbarsu ba ta gama firamare ba.

Ban riƙe ka a zuciya ba. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya yi maka jagora a shugabancinka, Ya dawo mana da zaman lafiya mu yi noma har magariba.

Wassalam.

Modu Direba,
Ajilari, Maiduguri.