Wai Ƙafata Ce Ke Kayar Da Shi A Wasan Waya

Anti, don Allah ki gaya min yadda zan yi maigidana ya daina cewa farar ƙafa gare ni. Ban iya rubutu ba, da murya na turo, ki yi haƙuri in na yi ta kewaye-kewaye.

Shi tela ne. Akwai wani wasa da yake yi a waya, tubala masu launi suna gangarowa kana jera su kafin su cika fuskar wayar, kuna gasa da mutanen da ba ka ma san su ba. Wallahi ya iya. Da can in ya ci har ɗaga 'yarmu yake yi sama, ya nuna min sunansa a kan na kowa, ni da ba na karantawa. To sai masu wasan suka sako wani abu, wai akwatin sa'a. Kana tsakiyar ci sai ya buɗe ya zubo maka duwatsu, ko ya share wa abokin karawarka nasa tas. Sunansa ya yi ta gangarowa ƙasa.

Rannan na shigo da kofin ruwa, akwatin ya buɗe, aka cinye shi. Washegari na shigo ɗaukar zanin goyo, haka aka sake yi. Tun daga nan in ya ɗauki waya sai mu fita. Ɗaki ɗaya ne da mu, Anti. A bakin famfo nake zama da yarinya a baya, ga ta da tari, matan gidan haya suna wucewa suna kallona.

Jiya na ji yana ce wa mahaifiyarsa in dai ina kusa ba ya ganin daidai. Ita ba ta san wasa yake nufi ba, ta ce tana nan zuwa. Tsoro nake a mayar da ni gida da wannan sunan. Har na fara duba tafin ƙafata in ina wanka.

Yayata kaɗai na gaya wa. Dariya ta yi ta yi, sai da ta ga ina kuka ta daina.

Uwar 'yar jinjira

Ƙanwata, ƙafarki lafiyarta ƙalau. Wannan akwatin mutane ne suka ƙera shi ya riƙa zubo abu haka kawai, don wanda bai iya ba ya ɗanɗana ci, wanda ya iya kuma ya yi ta komawa neman fansa. Akwatin bai san wa ya shigo ɗaki ba.

Ɓacin ran mijinki na gaske ne. Ya sha wuya ya gwanance, aka zo aka haɗa gwanintarsa da jefa ƙuri'a. Amma masu wasan ne suka yi masa haka, da su ya kamata ya yi kuka, ko ya koma ɓangaren wasan da babu akwatin, in akwai shi.

Ki same shi bayan ya ci abinci, waya ba ta hannunsa, ki tambaye shi a hankali ko ya daina faɗuwa tun da kike zama a waje. Kafin surukarki ta iso, yayarki ta je ta shaida mata cewa wasan waya ne. Kada ki bari ta zo da wata fahimta. Ki kai yarinya asibiti a duba tarin, zaman bakin famfo kuma ya ƙare daga yau. Idan ya kai ga ɗaga miki hannu, ki tafi wurin manyanki.

Allah ya ba yarinyar lafiya, ya dawo muku da dariyar ɗakinku.