Akwatin da Kawu Ya Cire

Zuwa ga Yaya Ibro,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki, ya zaman Kwatano? Ya Hadiza da yara? Mu nan Kore Mairuwa lahiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Yaya, ka gan ni da takarda don rezo, wato sabis ɗin intanet, ya mutu. Rediyon wifi biyun nan da ka aiko sun ƙone. Ranar kasuwa na tahi Dutsi ganin likita, na bar wa Kawu Mamman shago. Ka san ɗan akwatin nan, regilatar, mai tsai da wuta in batir ya cika. Kawu ya ga ya daina caji, ga rana tsaka, ga mutane da wayoyi a hannu. Sai ya ce akwatin nan rowa gare shi, yana hana mu rabonmu. Ya cire shi, ya haɗa pano, allon nan mai ɗaukar hasken rana, da batir kai tsaye. Wuta ta yi yawa, kahin azahar rediyon sun yi hayaƙi.

Da na dawo na tambaye shi, sai ya ce, "Kai yaro, iska ce ta bi ta kan eriya." A gaban jama'a! Na sadda kai na ce, "To, Kawu." Sau nawa na roƙe shi kada ya taɓa akwatin nan? Yanzu ni anka ɗora wa laihi, wai ban nemi tsari ba.

Ka gai da mutanen gida. Ka sa ni a addu'a Allah Ya ba ni haƙuri, don Kawu ya ce gobe zai zo ya taya ni gyara.

Ƙaninka,
Sani