Kwalbar da Ban Kai Maƙabarta Ba

Rothes, 9 ga Maris

Zuwa ga matata Ishbel,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, kuma sanyin Halifax bai tayar miki da ciwon gwiwa ba. Yaya Kirsty da jego? Ki gaya wa jaririn kakansa ya ga hotonsa. Hancin nan namu ne, sai dai ya yi haƙuri.

Mun binne aminina Fergus ranar Alhamis. Matarsa Rhona ta ce kada ki damu da rashin zuwanki, ba a barin ɗiya da ɗanyen jego a hau jirgi don jana'iza. Coci ya cika. Tsofaffin ma'aikatarmu duk sun zo, har Dougal da ya koya mana haɗa giyar wuski ni da Fergus, yana dogara sanda. Ni na riƙe igiya ta biyu da aka sauke akwatin.

Kin tambaye ni a waya ko na kai kwalbar. Na ce miki an sha a bakin kabari yadda aka saba. An sha ɗin. Sauran maganar sai na natsu.

Ina cin abinci, kada ki tashi hankalinki.

Mijinki,
Murdo

Rothes, 17 ga Maris

Ishbel tawa,

Ina gaishe ki, ina gaida Kirsty da mijinta da ɗan baƙonmu. Da fatan tarin da kika ce yana yi ya lafa.

Na yi miki ƙarya, kuma kwana takwas ke nan na kasa zuwa ko shagon burodi. Kin san farkon labarin, amma bari in maimaita, ina so in gan shi a rubuce.

Shekara ashirin da shida da suka wuce, ni da Fergus muka yi haɗin nan na bikin cikar ma'aikata shekara ɗari. Ganguna arba'in muka zaɓo, ƙaramar cikinsu ta shekara talatin a rumbu. Wata biyar muna shinshina muna faɗa. Kwalba ɗari biyu kacal aka cika, aka ba mu ɗaiɗai. Ranar da likita ya ce ciwonki bai dawo ba, Fergus ya shigo kicin ɗinmu ko sallama babu, ya fasa hatimin tasa, muka sha har da maƙwabta. A nan na ɗaga hannu na ce tawa ta bakin kabari ce, duk wanda ya riga tafiya a cikinmu, da ita za a sallame shi. Kina wurin.

Na kula da ita kamar ƙwai. A tsaye, cikin akwatinta, a ƙasan kabad inda rana ba ta kai. Fergus yakan yi mini tsiya, wai: "Kai maigadi, yaya 'yar gidan? Ka san dai ba ta girma a kwalba, a ganga take tsufa. Mu ne muke tsufa a banza." Ni kuma in ce ya yi sauri ya mutu idan ƙishi yake ji.

Abin da ban gaya miki ba shi ne, bara na ɗauki hotonta na aika wa masu gwanjo a Glasgow. Suka amsa cewa irinta da suka rage da hatimi da akwati ba su kai ashirin ba, masu tarawa daga ƙasashen waje suna nema ido rufe, kuma za ta sayi sabuwar mota. Ba mota nake so ba, Ishbel, ba ma cikin rashi. Daɗi kawai nake ji in buɗe kabad in san ina da abin da duniya ke nema.

Safiyar jana'iza na fito da ita na ajiye a tebur, na sa wuƙa a hatimin, hannuna ya ƙi. Sai na ɗauko butar gilashin kakarki, na juye mata wuskin nan 'yar shekara goma sha biyu da muke ba baƙi, na ce wa kaina ai cikin iska da kuka babu mai lura. Ni da na shekara arba'in ina aiki da mutanen da hancinsu ne abincinsu.

Na zuzzuba, na ce ga alkawarinmu. Babu wanda ya kai baki, kin san halinmu, hanci ake fara kaiwa. Na ga kofuna bakwai sun tashi tare, sun tsaya tare. Dougal ya daɗe da hancinsa a ciki, sannan ya dube ni ya ce: "Sha biyu ce, ɗana. Ba laifi, tana maganin sanyi." Ya shanye. Sauran ma suka shanye, kowa idonsa a takalminsa. Rhona ta yi mini godiya. Da ta zage ni, da na fi samun barci.

Ban taɓa jin kunya irin wannan ba. Ki faɗi duk abin da ke bakinki, na cancanta.

Naki, ko da kin ji haushina,
Murdo

Rothes, 2 ga Afrilu

Ishbel,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Wasiƙarki ta iso. Layi uku ce, amma ta ishe ni. Na yi yadda kika ce.

Na bi su gida gida na faɗa da bakina. Dougal ya ce: "To, yau ka faɗi abin da hancina ya riga ya gaya mini. Ranar Asabar ka zo ka ɗauke ni, ba na hawa tudun maƙabartar nan da ƙafa sau biyu."

Ranar Asabar ɗin muka koma maƙabarta da kwalbar ta gaskiya. Tun a gida na yanke hatimin, don kada zuciyata ta sake yi mini wayo a hanya. A bakin kabarin toshiyar ta marmashe a hannuna, ta tsufa, rabinta ya faɗa ciki. Rhona ta fito da matacin shayi daga jakarta, wai Fergus ya daɗe da gaya mata haka za a yi. Da matacin shayi muka tace abin da masu gwanjo ke mafarki, har muka yi dariya.

Tana nan yadda muka cika ta, Ishbel. Ƙamshin zuma, busasshen ɓaure, da ɗan hayaƙin nan na ƙarshe da Fergus ya nace a saka, na ce zai ɓata ta. Shi ne da gaskiya. Shekara ashirin da shida a kabad ba su ƙara mata komai ba.

Da kowa ya gangara, Rhona ta riƙe hannuna. Ta ce ba don ta ɓata mini rai ba, amma gara in sani. A makonsa na ƙarshe a asibiti, Fergus ya ce mata: "Ko Murdo zai kawo 'yar gidan yanzu, tun hancina yana aiki? Ba sai na sha ba." Ta ce za ta kira ni, ya hana ta, wai kada a takura mini, zan tuna da kaina.

Na je wurinsa a asibiti a makon nan nasa na ƙarshe, Ishbel, har sau biyu. Lemo na kai masa.

Kwalbar tana wurin Rhona, kusa da tasa da ya adana babu komai a ciki. Mun rage miki kofi ɗaya. Dougal ya ce yanzu da iska ta shiga ba za ta jira shekaru ba, don haka idan Kirsty ta yi ƙarfi ki dawo gida. Ba na so in sake ajiye komai.

Ki gaida kowa da kowa.

Mijinki mai jiran ki,
Murdo